Garin da Aka Tsayar wa Agogo

Tun kwanakin baya wasu daga cikinmu suke tambaya a kan rubuta labarin tarihi: nawa marubuci zai ɗauko daga takardu, nawa zai ƙara daga kansa, kuma wa zai ba baki ya yi magana. Misalin da zan kawo yana da ɗan nisa, don sai mun tsallaka teku, amma a yi haƙuri a biyo ni.

A jihar Birjiniya ta ƙasar Amurka akwai wani gari da ake kira Williamsburg. A tsakiyarsa an keɓe fili mai faɗin eka 301, an mayar da shi kamar yadda yake a ƙarni na 18, lokacin da yankin yake ƙarƙashin Sarkin Ingila. Sunan wurin Colonial Williamsburg. Gidan tarihi ne, amma ba irin wanda muka saba gani ba, inda za ka tarar da takobi da sulke cikin akwatin gilashi da 'yar takardar bayani a ƙasa. A nan garin ne kacokan gidan tarihin. Akwai tituna da gidaje da kotu da coci da kurkuku da shaguna, ga kuma mutane masu rai sanye da tufafin wancan zamani, kowa yana sana'arsa. Babban titin ya kai kusan mil guda, daga tsohuwar kwalejin William da Mary, wadda aka kafa a 1693, zuwa ginin majalisa. Da rana ba a barin mota ta bi ta kansa, sai ƙafa ko keken doki.

Kafin mu shiga, sai mun gyara fahimtar kalma ɗaya. A wurinmu idan aka ce zamanin mulkin mallaka, abin da ke zuwa rai shi ne Gwamna Lugga da Razdan da Di'o, Bature ɗaya bisa doki yana juya dubban 'yan ƙasa. A Birjiniya ba haka abin yake ba. Turawan Ingila zuwa suka yi suka zauna da iyalansu, suka ture 'yan asalin ƙasar daga filayensu, suka sayo bayi daga Afirka su noma musu taba. Daga baya jikokin waɗannan baƙi suka ce Sarkin Ingila yana danne su, suka yi masa tawaye. To su ne "waɗanda aka mallaka" a labarin da Amurka take ba kanta, alhali su kansu suna mallakar mutane yadda ake mallakar shanu. Wanda bai riƙe wannan ba, rigimar da ke cikin wurin za ta wuce shi.

Turawan sun fara kafa sansani a Jamestown a 1607, kuma a 1619 aka fara sauke 'yan Afirka a gaɓar Birjiniya. A 1699 aka ɗauke hedikwata daga Jamestown aka kawo ta Williamsburg, aka sa wa garin sunan Sarki William na Uku. Shekara kusan tamanin garin yana cin kasuwarsa. Nan gwamna yake, nan majalisa take zama, nan manyan masu gonaki suke zuwa shari'a da siyasa da liyafa. A majalisar nan Patrick Henry ya yi jawabinsa na ƙin harajin hatimi a 1765. A nan kuma, a watan Mayun 1776, wakilan Birjiniya suka umarci mutanensu su nemi a raba gari da Ingila. Sai a 1780, ana tsakiyar yaƙi, Thomas Jefferson yana gwamna, aka sake ɗauke hedikwata zuwa Richmond. Daga nan Williamsburg ta koma ƙaramin gari mai gyangyaɗi. Fadar gwamna ta ƙone a 1781. Sauran gidajen suka yi ta tsufa a hankali, kuma rashin kuɗin rushe su a gina sababbi shi ya cece su.

Wanda ya tada garin daga barci wani limamin coci ne, W.A.R. Goodwin. Ya daɗe yana neman mai kuɗin da zai ɗauki nauyin gyaran, har ya dace da John D. Rockefeller ƙarami, ɗan attajirin man fetur. A watan Disambar 1926 Rockefeller ya bugo tangarahu ya ce a sayi gida na farko a kan dala 8,000, amma bai sa sunansa ba, sai ya rubuta "Mahaifin David". Dalilin ɓoyon ba wuyar ganewa: da masu gidaje sun san wanda ke saye, da farashi ya tashi sama. Haka Goodwin ya yi ta sayen gidaje ɗaya bayan ɗaya, mutanen gari suna ta raɗe-raɗi, sai a watan Yunin 1928 aka tara su aka faɗa musu gaskiya. Yawancinsu suka yi murna. Wani tsohon soja ne ya miƙe ya ce kuɗi kam za a samu, amma garin zai ci gaba da zama nasu kuwa, ko za su koma kamar malam-buɗe-littafin da aka soke da allura aka ajiye cikin gilashi? A makarantar farar fata aka yi taron, a zamanin da dokar wariya take raba wurin zaman baƙi da farare, don haka baƙaƙen fatar garin ba su da murya a ciki.

Aikin da aka yi bayan nan abin a jinjina ne. An gyara tsofaffin gine-gine 88 da suka tsira. An rushe ɗaruruwan gine-ginen da aka yi bayan wancan zamani, don kada su ɓata hoton. Waɗanda suka riga suka ɓace, irin su fadar gwamna da majalisa, aka tono harsashinsu aka sake gina su. A 1929 wata mai bincike ta gano wani farantin tagulla a ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford, ɗauke da zanen manyan gine-ginen garin, aka haɗa shi da taswirar fadar da Jefferson ya taɓa zanawa da hannunsa. Aka kankare fenti hawa-hawa don a gano launin asali. Aka koyi yadda ake gasa jan bulo irin na da. Aka bi takardun gadon mamata ana ƙirga cokula da kujeru da madubai. A 1934 aka buɗe fadar da majalisar.

Ko a nan akwai abin da marubuci zai lura da shi. Ginin majalisa biyu aka yi a wuri ɗaya. Na farko ya ƙone a 1747, aka gina na biyu. A cikin na biyun Patrick Henry ya yi jawabi, a cikinsa aka yanke shawarar 1776. Amma da aka zo sake gini, sai aka zaɓi na farkon, saboda takardunsa sun fi yawa kuma fasalinsa ya fi ɗaukar ido. Ke nan mai ziyara yana tsaye ne a ginin da babu shi a ranar da ake ba shi labari. Ba wanda ya yi masa ƙarya, zaɓi kawai aka yi a madadinsa.

Babban zaɓin kuwa shi ne wannan. A ƙidayar 1775 mutanen Williamsburg ba su kai 2,000 ba, kuma fiye da rabinsu baƙar fata ne, yawancinsu bayi. Su suke ɗebo ruwa, su dafa abinci, su yi wanki, su kula da dawaki, su yi kafinta da ƙira, su yi renon 'ya'yan iyayen gijinsu. Da yawa daga cikin waɗanda jiragen ruwa suka sauke a Birjiniya daga gaɓar kudu maso gabashin Najeriya ta yau aka ɗebo su. Amma shekara wajen hamsin gidan tarihin yana aiki ba tare da labarinsu ba. Baƙaƙen fata suna nan a matsayin ma'aikata, suna tuƙa keken doki, suna tsayawa a kicin cikin tufafin da, amma bayanin da ake wa baƙi na manyan mutane ne da kayan ɗakinsu, kuma an fi son a ce "masu hidima" a kan a ce "bayi". An san launin fentin ƙofa dalla-dalla. Wadda take share bakin ƙofar kowace safiya ce ba a ambata.

Mu huɗu muka shiga garin, lokacin da wani shirin musayar matasa ya kai mu Amurka na 'yan makonni: ni, da wani abokina Bazazzagi, da wata 'yar uwarmu 'yar Damagaram, sai wani ɗalibi baƙar fatar Amurka da ya zama abokinmu kuma yake mana jagora. Bakano tsakanin Bazazzagi da Badamagariya, kun san tsokana ba ta yanke ba tun daga mota.

Shagunan sana'a suka fara kama mu. Waɗannan ba wasan kwaikwayo suke yi ba. Maƙerin maƙeri ne na gaske, ya yi shekaru yana yaron shago kafin a ce ya iya, kuma ƙusoshin da yake bugawa da su ake aikin gine-ginen garin. Bazazzagi, wanda kakansa maƙeri ne, ya tsaya ya ƙi tafiya. Ya ce, "Mutumina, ka ga zuga-zuginsu babba ne, amma bugun iri ɗaya ne da na gidanmu." Akwai mai harhaɗa ganga da katako, da baduku, da masaƙa, da mai yin hular gashi irin wadda alƙalanmu har yau ba su rabu da ita ba. Ni kuwa maɗaba'a ce ta riƙe ni. Ana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, a juye, a shafa tawada, a ja ƙarfe a danna takarda. Shafi ɗaya aikin sa'o'i ne. A garin nan William Parks ya kafa jaridar Virginia Gazette a 1736. A shafukanta ake buga maganganun 'yanci, a shafukanta kuma ake buga cigiyar bayin da suka gudu, da tsayinsu da tabon jikinsu da ladan wanda ya kamo su. Abin tausayi, waɗannan cigiyoyin suna cikin mafi cikar bayanin da ya rage a kan kamannin bayin, domin mai neman dukiyarsa ba ya wasa da siffantawa.

A gefen kotu akwai turu na katako, mai ramukan wuya da hannaye. Masu ziyara suna layi suna cusa kai ana ɗaukar su hoto. Bazazzagi ya ce, "Ashe Turawa ma sun yi turu!" ya shiga layi. Badamagariya ta ce ai dama can wurin ya dace da shi. Abokinmu Ba'amurke bai yi dariya ba. Da muka matsa gaba ya gaya mana cewa a dokar Birjiniya ta wancan zamani, wanda aka kama da satar alade karo na biyu a nan ake tsayar da shi sa'a biyu, a kafe kunnuwansa da ƙusa a jikin katakon, in lokaci ya cika a yanke su a sake shi. Abu ɗaya ne, amma wani wurin hoto ya gani, wani kuma ya ga kunne. Bazazzagi bai goge hoton ba, sai dai bai sa shi a Facebook ba.

Inda na fi so mu daɗe shi ne gidan Peyton Randolph. Mutumin babba ne: shugaban majalisar Birjiniya, kuma shugaban farko na babban taron da ya haɗa yankunan da suka yi wa Ingila tawaye. Ya mutu a 1775. Shi da matarsa Betty ba su haihu ba, amma takardar ƙididdigar dukiyarsa ta nuna bayi 27 a gidan, kowa da sunansa da kuɗinsa, a jere tare da azurfa da gadaje. Yau idan ka shiga ana zagayawa da kai har bayan gida, kicin da ɗakin wanki da wuraren da waɗannan 27 suke kwana, kuma ana kiran sunayensu.

Ɗaya daga cikinsu sunanta Eve. An sa mata fam 100, kuɗin da yake cikin mafi tsada a gidan, abin da ya sa masana suke ganin ita ce mai hidimar uwargida ta kusa. A lokacin yaƙi sunanta ya fito cikin bayin gidan da aka rubuta cewa sun gudu wajen abokan gaba, ita da ɗanta George. Daga baya, a ƙarin da Betty Randolph ta yi wa wasiyyarta a 1782, ta ce mugun halin Eve ya tilasta mata sayar da ita. Kusan iyakar abin da takarda ta riƙe ke nan: farashi, da gudu, da hukunci. Duk a bakin waɗanda suka mallake ta. Ku dubi kalmar "mugun hali". A gidan da ake kwana ana tashi da zancen 'yanci, mace ta ji zancen ta ɗauke shi da gaske, sai aka kira abin da ta yi rashin ɗa'a. Marubucin da ya kwafe takardar yadda take, ya ce ai gaskiya ya bi, muryar Betty ya ɗauka bai sani ba.

Gudun nasu yana da tushe. A watan Nuwamban 1775 gwamnan Ingila na ƙarshe a Birjiniya, Lord Dunmore, wanda ya riga ya tsere daga fadarsa ya koma cikin jirgin ruwa, ya yi shelar cewa duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya ɗauki makami a ɓangaren Sarki ya 'yantu. Ba tausayi ne ya sa shi ba, shi ma yana da bayi, dabarar yaƙi ce. Amma ɗaruruwa suka amsa. Ga bawan Williamsburg, ƙofar 'yanci a wannan shekara tana wajen wanda littafin makaranta ya kira azzalumi. Wannan shi ne irin karkacewar da take sa labari ya yi daɗi, kuma ita ce ta fi saurin faɗuwa idan marubuci ya riga ya raba mutanensa gida biyu, jarumai da miyagu.

Sai a 1979 gidan tarihin ya ɗauki baƙaƙen fata na farko don su fito a matsayin bayi da 'yantattun garin, su yi magana da bakinsu. Cikinsu akwai Rex Ellis, wanda daga baya ya zama babba a harkar gidajen tarihi a Amurka. Aikin ba sauƙi gare shi ba. Ka sa tsumma ka sunkuyar da kai gaban baƙi, wasu su yi maka ba'a, wasu 'yan uwanka su ce ka zubar musu da mutunci. A wannan tsakanin ne kuma aka fara rage wa garin kwalliya, har aka riƙa barin kashin doki a titi don a nuna cewa garin da ba tsaf yake ba. Wasu masana biyu, Richard Handler da Eric Gable, sun tattauna wannan a littafin da suka fitar a kan wurin a 1997. Ni dai a ganina barin kashin doki abu ne mai arha. Ba ya hana kowa barci.

Abin da ya hana mutane barci ya zo ranar 10 ga Oktoba, 1994. Christy Coleman, wadda take shugabantar sashen tarihin baƙar fata, ta shirya kwaikwayon gwanjon bayi a bakin masaukin Wetherburn da ke babban titi. Tun kafin ranar ƙura ta tashi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata, ciki har da NAACP, suka ce ba za a mayar da azabar kakanninsu abin kallo ba. Mutane wajen 2,000 suka taru, masu zanga-zanga suka kutsa gaba, wasu shugabanninsu suka zauna a kan matakala. Coleman ta fito ta roƙi a kalla tukuna sannan a yanke hukunci. Mutum huɗu aka sayar. Sukey mai wanki, mijinta 'yantacce ya yi nasarar sayen ta. Billy kafinta, aka haɗa shi da kayan aikinsa. Sai Daniel da matarsa Lucy mai ciki, aka sayar da su ga mutum biyu daban. Coleman da kanta ta fito a Lucy, tana roƙon wanda ya sayi mijinta ya haɗa da ita. Mutane suka yi ta kuka. Jack Gravely, jigo a NAACP ta Birjiniya, wanda ya zo don ya hana, ya gaya wa 'yan jarida cewa ya sauya ra'ayi, domin ya ga azaba ta samu fuska. Wasu kuma ba su sauya ba, kuma ba a sake yin gwanjon ba.

Ina ganin ɓangarorin biyu kowa da gaskiyarsa, kuma duk wanda zai rubuta labarin bauta ko yaƙi ko fyaɗe zai tsaya a wannan mararraba. Idan ka ɓoye, ka taimaki mai son a manta. Idan ka baje, akwai mai zuwa kallo kawai ya wuce ya sayi askirim. Abin da ya ceci aikin Coleman, a fahimtata, shi ne ba ta tara jama'a marasa suna ta sa su kuka ba. Mutum huɗu ta ɗauko, kowa da sana'arsa da danginsa, kuma ba duka labarin ne ya ƙare iri ɗaya ba. Sayen da mijin Sukey ya yi wa matarsa ya fi bulala ɗari nuna munin tsarin, don mutum ne yake biyan kuɗi a gaban jama'a a kan abin da dama nasa ne.

Har yanzu ƙasa tana fito da abin da aka binne. A 1776 bayi da 'yantattu suka kafa cocinsu a ɓoye, ɗaya daga cikin mafi daɗewa na baƙar fata a Amurka, kuma cikin limamansa na farko akwai Gowan Pamphlet, wanda shi kansa bawa ne a lokacin. Daga baya suka samu fili a titin Nassau. A shekarun 1950 masu gyaran gari suka sayi ginin cocin, aka rushe shi saboda bai yi daidai da ƙarni na 18 ba, jama'arsa suka koma sabon gini, wurin kuma ya zama wurin ajiye motoci. A 2020 aka fasa kwaltar aka fara tono, tare da shawarar jikokin masu cocin. Aka tarar da harsashin tsohon ginin, aka kuma tarar da kaburbura fiye da 60. Shekara da shekaru baƙi suna ajiye mota a kan kakannin mutane, su wuce kallon tarihi.

Haka kuma wani ƙaramin gida a harabar kwaleji, wanda aka yi ta yi wa ƙari ana amfani da shi a matsayin ofis. Wani tsohon malamin adabin Turanci ne ya nace cewa shi ne makarantar Bray, inda wata malama, Ann Wager, ta koyar da ɗaruruwan yara baƙar fata daga 1760 zuwa 1774. Da aka auna shekarun katakon sai maganarsa ta tabbata, kuma a watan Fabrairun 2023 aka ɗauki ginin cak aka mayar da shi cikin tsohon gari. Manufar makarantar ita ce yara su koyi addinin Kirista su kuma yarda da matsayinsu na bayi. Amma wanda ka koya wa karatu ba ka da iko da abin da zai karanta gobe. Duk wanda ya san tarihin makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da irin 'yan bokon da tsarin ya haifar suka zo suka nemi Turawa su tafi, ya san wannan zancen.

Tunda na ambaci Ɗan Hausa, bari mu dawo gida kaɗan. Gidansa yana nan a Kano, an mayar da shi gidan tarihi, kuma da yawanmu mun je. Takardun zamanin Turawa suna nan jibge a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House: rahoton Di'o, lissafin haraji da jangali, wasiƙun Razdan da sarakuna. Mai son rubuta labarin 1903, ko zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, ko ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila, zai samu sunan kowane Bature da ranar da ya iso. Kuku da boyi da masinja da ɗan dako da matar da aka ɗebe wa miji, su ne Eve ɗinmu. Suna cikin takardun, amma a matsayin adadi, ko a matsayin masu laifi. Kuma kada mu yi saurin nuna Amurka da yatsa. Bauta ta daɗe a ƙasar Hausa, an sayar da mutane a kasuwanninmu, kuma sai a 1936 doka ta soke ta gaba ɗaya a Arewa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya taɓo ta a Shaihu Umar tun gasar 1933, da yaron da aka sace aka tsallaka da shi hamada da uwar da ta bi sawunsa. Daga wancan lokaci zuwa yau, ku ƙirga littattafan Hausa nawa kuka karanta waɗanda baiwa ko kuyanga take ba da labari da bakinta, ba wai ta shigo da akushi ta durƙusa ta fita ba.

A hanyarmu ta komawa masauki gardama ta kaure a mota. Na ce me zai hana a yi irin wannan a gida, a keɓe unguwa guda a cikin birni, da marina da maƙera da zauren alƙali da ofishin En'e, mutane su shiga su ga 1920 da idonsu. Bazazzagi ya ce marina da maƙera ba sa bukatar kwaikwayo, suna nan da ransu a Ƙofar Mata da sauran wurare, abin da suke bukata ciniki ne. Ya ce gwanjon bayi kuwa ba mai iya shirya shi a Kurmi, domin jikokin mai saye da jikokin wanda aka saya unguwa ɗaya suke, masallaci ɗaya suke salla, wasu ma sun yi auratayya, kuma kowa ya san kowa. Wa zai yarda ya fito a wa? Badamagariya ta ce, "To ai shi ya sa aikin ya faɗo kanku, malamai masu alƙalami. A littafi ba sai ɗan kowa ya hau dandamali ba." Abokinmu Ba'amurke, da muka fassara masa, ya ce su ma a Birjiniya jikokin ɓangarorin biyu gari ɗaya suke, wasu ma sunan dangi ɗaya suke amsawa, kuma hakan bai hana a fasa kwalta ba. Bazazzagi ya ce wannan Birjiniya ce. Har muka iso ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Wanda yake da ta cewa a kan gardamar nan, musamman waɗanda suka taɓa gwada rubuta labarin zamanin Turawa ko na kafin zuwansu, filin sharhi a buɗe yake.